Na je neman ƙasa a sama

Hawa na ƙarshe ba shi da matakala, sai wani tsani na ƙarfe manne da bango. Mutumin da ke kula da ginin ya riga ni, ya tura murfin da kafaɗarsa, iskar watan Mayu ta bugo mana. Da na leƙa sai na ga fili: ciyayi, tsakuwa, wani gungumen icce a yashe, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Ba don hasumiyoyin birnin Basel da nake hangowa ba, da na rantse a bakin wani rafi nake.

Abin da ya kawo ni Suwizalan ke nan. Na daɗe ina jin labarin rufin da ake shukawa, ina ganin hotuna, amma hoto fure kawai yake nunawa. Ni kuwa abin da ke ƙarƙashin furen nake so in damƙa da hannuna.

Basel na zaune a gaɓar kogin Rayin, inda iyakar Suwizalan ta haɗu da ta Jamus da Faransa. A shekarun 1996 da 1997 hukumar birnin ta tallafa wa masu gidaje da kuɗi domin su shuka rufinsu, daga wani asusu da ake tarawa cikin kuɗin wutar lantarki. A 2002 abin ya zama doka: duk sabon gini mai shimfiɗaɗɗen rufi, dole a shuka shi. Binciken wani masani mai suna Stephan Brenneisen kan ƙwari da gizo-gizon da ke rayuwa a kan rufi ya yi tasiri a ƙa'idojin, shi ya sa ba a tsaya ga kore kawai ba. Ana so ƙasar ta fito daga yankin, kuma kada kaurinta ya zama ɗaya a ko'ina.

Na durƙusa na tona da yatsa. Inda nake tsaye ƙasar ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, yashi ne da tsakuwar kogi, a bushe ƙamas. Taku biyar gaba an yi tudu da ya kusa kai rabin ƙwaurina, na cusa hannu na ji danshi da sanyi. Mai kula da ginin ya ce idan rani ya tsananta komai na wurin siririn yakan ƙone, amma ƙwarin sukan gudu cikin tudun su fake, idan ruwa ya sauka su sake bazuwa. Na jima ina kallon tudun nan. Wani ya zauna ya yi tunanin inda ƙwaro zai ɓuya ranar wahala, har ya sa a rubuta shi cikin tsarin gini. Wannan ya taɓa ni sosai.

Washegari na tarar da ma'aikata suna shimfiɗa sabon rufi a wani gini, suka bar ni na tsaya a gefe. A nan na ga abin daki-daki. Da farko shimfiɗar roba mai hana yoyo da saiwa ba ta iya hudawa, a kanta wani bargo mai kauri don kariya, sai faranti masu ƙoƙuna kamar kwalin ƙwai, suna riƙe ɗan ruwa suna sakin ragowar zuwa indararo. Sannan siririn ƙyalle mai tace ƙura, sannan ƙasar. Mota ce ke huro ta daga titi ta cikin wani ƙaton tiyo, tana zubowa da ƙara kamar ana zazzage buhun gero a kwano. A gefe-gefe an bar layin tsakuwa zalla, saboda gobara da kuma kada magudana ta toshe.

Na ɗebi cikin hannu. Ko kaɗan ba ta yi kama da ƙasar noma ba. Farfasasshen jan bulo ne, da dutsen aman wuta mai huji-huji kamar soso, da ƙwallayen yumɓu da aka gasa har suka kumbura, sai ɗan taki kaɗan. Na matse ta, ta ƙi dunƙulewa. Dalilin nauyi ne. Ƙasar gona mai kaurin santimita 10, idan ta sha ruwa, tana iya kusantar kilo 200 a kan kowace murabba'in mita, ga shi takan daskare ta hana ruwa wucewa. Siririn rufin da aka yi da wannan haɗin, gaba ɗayansa yakan tsaya tsakanin kilo 60 zuwa 150 ko da ya jiƙe sharkaf. Taki kuwa da gangan ake rage shi. Idan ya yi yawa yakan ruɓe, ƙasar ta zauna, ciyawa mai haɗama ta mamaye wurin, kwana kaɗan ba ruwa ta mutu. Tsiron da ake kira sedum, mai ganye ƙanana cike da ruwa, shi ya fi son wannan talaucin. Jamusawa ne suka tsara ƙa'idojin irin wannan haɗi tun 1982 ta hannun FLL, ƙungiyarsu ta bincike kan tsara filaye da lambuna, kuma ƙasashe da dama da su suke aiki.

Na yaba da wannan ƙasa ta masana'anta, aikinta ba ya kuskure. Amma zuciyata ba ta kwanta ba sai a rana ta uku.

Jirgin ƙasa ya kai ni Zurik cikin kusan awa ɗaya, daga nan na nufi unguwar Wollishofen, inda matatar ruwa ta Moos take. An gina ta a 1914 domin tace ruwan tabkin Zurik. Waɗanda suka gina ta ba su da niyyar yin lambu. So suke ruwan da ke ciki ya zauna da sanyi, sai suka zuba tsakuwa a kan kankaren rufin, suka kwaso ƙasar filayen da ke kewaye suka rufe. Kaurin duka bai fi taki ɗaya na hannu ba.

Ƙasar nan ta hau sama tare da irin da ke cikinta. Shekaru suka shuɗe, filayen da aka ɗebo ta aka gine su, waɗansu aka cika su da takin zamani, furanninsu suka ɓace. Na saman rufin kuwa ba wanda ya dame su, sai yankan ciyawa jefi-jefi. Masana sun ƙirga nau'in tsirrai 175 a wurin, tara daga ciki furannin okid ne, har da wani da ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin amma a nan dubbai ne.

Ba a shiga sai da ɗan jagora, ya kuwa gargaɗe mu mu bi bayansa sawu a kan sawu. Na tsuguna gaban wani okid, gajere ne, shunayya, a jikin fukafukansa akwai siraran zane kore kamar an ja su da alƙalami. Na ɗora tafina a ƙasa kusa da shi. Baƙa ce, mai laushi, saiwoyi sun saƙe ta tamau, tana ƙamshin damina. Tsakuwar da ƙasar sun daɗe da cakuɗewa, ba ka gane inda ɗaya ta ƙare. Ƙarƙashin hannuna, bayan kankare, ruwan shan mutanen birnin na ratsa yashi a hankali cikin duhu.

Ɗan jagoran ya kira ni sau biyu kafin na miƙe.