Lissafin waɗanda ke fage da waɗanda ke gida

Aikina a Gusau shi ne tsara jadawalin masu gyaran turakun sadarwa: wa zai tafi Anka, wa zai kwana a Shinkafi, wa zai jira rakiyar sojoji zuwa Ɗansadau. Abin da ya fi yi mini amfani a wannan aiki kuwa, daga wajen sojojin saman Amurka na samo shi, a wani kwas na tsara ma'aikata da aka tura mu.

Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, Amurka ta ci gaba da sintiri a sararin samaniyar Iraƙi, kudu da arewa, shekara da shekaru, alhali an rage yawan sojojin saman da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mutanen da aka tura jiya su ake sake turawa gobe, ba wanda ya san ranar tafiya balle ta dawowa, ƙwararru suka yi ta ajiye aiki. A 1998 aka sanar da sabon tsari. Aka kasa rundunar gida 10, biyu na bakin aiki kwana 90, sauran takwas na gida, zagayen ya cika a wata 15. Yaƙin Afganistan da na Iraƙi suka matse tsarin, a 2004 aka mayar da shi kwana 120 cikin wata 20. Wanda suke bi yanzu na wata 24 ne, zango huɗu, kowanne wata shida: shiri, gwajin tabbatar da shirin, zaman jiran kira ko fita fage, sai komawa gida a huta a gyara kaya.

Wato kowane mutum ɗaya da ke fage yana da uku a bayansa, kuma ukun nan ba zaman kashe wando suke yi ba. Nan ne manyanmu suka fi wahalar fahimta. Idan oga ya ga suna goma sha biyu a takarda, a ransa yana da mutum goma sha biyu da zai watsa ƙauyuka yau. Wanda ya dawo daga Ɗansadau daren jiya, bayan kwanakin da ya yi yana jiran ayarin motoci, idonsa ja wur, wayarsa cike da kiran matarsa, sunansa na cikin takardar, amma in ka sake tura shi da safe, waya zai haɗa a baibai ya ƙona maka na'ura.

Haka ƙarfe ma yake. Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 a 2021, mazauninsu Kainji. Mutanenmu kan ce, tunda ga jirage, me ya hana su yini suna shawagi a kan dajin? Jirgi da awoyin tashi ake lissafa masa. In ya cika adadinsa dole ya shiga rumfa a kwance shi a duba, matuƙi ma yana da iyakar awoyinsa. Manomi mai shanun huɗa ya san wannan, ba ya ɗaure wa sa ɗaya garma safe da yamma har damina ta fita.

Abu na biyu ya fi na farko daɗi a wajen aiki. Amurkawan sun daɗe suna tsinto sojoji ɗai-ɗai daga sansanoni barkatai, sai a fage za su fara ganin fuskar juna. Yanzu sun karkata ga tura waɗanda suka yi atisaye tare, a matsayin ƙungiya guda. Na kwaikwayi wannan. Kowace tawaga tamu mutum uku ce: mai janareto, mai hawa turke, da direba, kuma ba na raba su. Akwatinsu a ɗaure yake tun kafin kira ya zo, da matatar mai, da bel, da fis, da igiyar hawa, da tocila mai caji. Ranar Alhamis ake buɗe shi a ƙirga, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Direba ɗaya ya ce mini, "Yallaɓai, yanzu ko a duhu na san inda abokin aikina zai miƙo hannu." Gidajensu ma sun san mako mai zuwa maigida na nan, ana iya sa ranar suna.

Inda tsarin ke cijewa shi ne wajen gwanin da ba shi da na biyu. Su ma Amurkawan suna da irin waɗannan, ma'aikatan jiragen leƙen asiri da makamantansu, da kullum ake nema, zagayen bai cika yi musu adalci ba. Mu namu mutum ɗaya ne da ya iya saita farantin da ke haɗa turke da turke. Duk jadawalin da na zana, in farantin Maru ya karkace shi za a tasa. Na sa yara biyu suna bin sa tun bayan babbar salla. Ɗaya ya fara saitawa shi kaɗai, ɗayan har yanzu in ya kai tsakiyar turke ƙafarsa rawa take yi.