Aikin Dare a Liverpool: Fatalwa, Kaburbura da Waɗanda Ba Su Samu Kabari Ba

Karatu ne ya kawo ni Liverpool, kuma kamar yawancinmu, ba abin da na sani game da garin sai ƙwallo. Neman ɗan aikin da zai rage mini nauyin kuɗin haya ya haɗa ni da wata mata 'yar wasan kwaikwayo, mai ƙaramin kamfanin zagayawa da baƙi cikin dare. Mutane su sayi tikiti, su taru a bakin titi bayan magariba, ita kuma ta fito da baƙar doguwar riga irin ta zamanin Sarauniya Victoria, fuska shafe da farar hoda, ta ja su a ƙafa kimanin awa ɗaya da rabi tana ba su labarin fatalwa da kisan kai da annoba. Da farko aikina riƙe fitila ne, da ƙirga mutane a kowace kwana, da tsayar da su in za mu tsallaka titi. Daga baya ta fara bar mini wasu zangunan in yi magana da bakina.

Kafin in karɓi aikin sai da zuciyata ta yi nauyi, domin zango na ƙarshe cikin makabarta yake. Na je masallacin Brougham Terrace, wanda Abdullah Quilliam ya buɗe a 1889, na samu wani dattijo da nake ɗaukar karatu wurinsa. Na ce, "Malam, ga aikin da na samu, amma akwai shiga makabarta da dare, akwai kuma zancen fatalwa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya mutu ba ya dawowa, ka san wannan. Kada bakinka ya tabbatar wa kowa abin da ka san ba haka yake ba. Kada ka taka kabari, kada ka mai da mamaci abin dariya, ko da ba addininku ɗaya ba. In ka iya tsare waɗannan, kabari tunatarwa ne ga duk mai rai." Da wannan sharaɗi na shiga, kuma uwar ɗakina ta amince da shi ba gardama.

Hanyarmu ta unguwar tsofaffin attajirai ce, tsakanin manyan majami'u biyu da ke ƙarshen titin Hope, ɗaya ta Katolika ɗaya ta Angilika. Wurin da baƙi suka fi ɗokin gani yana titin Rodney: wani kabari mai siffar dala, na William Mackenzie, ɗan kwangilar shimfiɗa layin dogo. Abin da ake faɗa a gari shi ne ɗan caca ne da ya yi karta da Shaiɗan ya faɗi, aka yi yarjejeniya za a karɓi ransa ranar da aka sa shi a ƙasa, shi ya sa ya bar wasiyya a zaunar da shi kan kujera cikin dalar da karta a hannu. Uwar ɗakina ta iya wannan labari ƙwarai. Takan rage murya har sai kowa ya matso, ta bar shiru ya yi tsawo, sannan ta fito da karta ɗaya daga hannun rigarta.

Amma Mackenzie ya rasu a 1851, dalar kuwa ƙanensa Edward ne ya gina ta a 1868, shekara 17 bayan an binne shi, kuma rubutun da ke jikinta ma ya ce gawar tana ƙasa. Na lura wasu baƙin suna tafiya gida da labarin kartar a matsayin tarihi. A nan ne tarbiyyar gida ta yi mini rana. Kakanninmu ba su taɓa ba mu tatsuniya ba tare da sun buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" sun rufe da "ƙurungus" ba, yaro ya san inda Gizo ya fara da inda ya tsaya. Na ba uwar ɗakina shawara mu yi haka: in ta gama wasanta, ni in ɗaga fitila wajen rubutun in ce ga abin da mutanen gari ke faɗa, ga kuma abin da dutse ya ce. Ta ji tsoron kada hakan ya kashe armashin, sai ga shi mutane sun fi sakin jiki da mu. Wanda ka nuna wa iyakar ƙarya, in ka ce masa abu ya faru zai yarda.

Kuma abubuwan da suka faru ɗin sun fi na fatalwa tayar da tsigar jiki. A watan Oktoban 1826 ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta George's Dock suka ji wari na fitowa daga wasu ganguna uku da za a kai Leith a Scotland. Aka fasa, aka tarar da gawarwaki 11 cikin gishiri. Bincike ya kai ga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Hope, inda aka samu wasu 22. Daga makabartar talakawa aka tono su, za a sayar wa masu koyar da fiɗa a Edinburgh, domin a lokacin doka ba ta ba makarantun likitanci gawa sai ta wanda aka rataye saboda kisa. Wannan zango ba ma yi masa wani ado. Ka faɗi adadin kawai, ka ce har da yara a ciki, ka yi shiru.

Daga nan sai makabartar St James, wadda ke cikin wani katafaren rami a gindin majami'ar Angilika. Wurin fasa dutse ne a da, aka mai da shi makabarta a 1829, aka rufe a 1936 bayan an binne mutum wajen dubu 57. Ta wani ɗan rami da aka huda cikin dutse ake gangarawa, an jera duwatsun kaburbura hagu da dama. A can William Huskisson yake, ɗan majalisar da jirgin ƙasa mai suna Rocket ya take ranar 15 ga Satumba 1830, ranar bikin buɗe layin Liverpool zuwa Manchester. Kowa na son wannan labarin. Ni kuwa wurin Kitty Wilkinson na fi so in tsaya. Talaka ce 'yar asalin Ireland. Da kwalara ta ɓarke a 1832, ita kaɗai ke da tukunyar dafa ruwan wanki a layinsu, sai ta buɗe wa maƙwabta ƙofa su kawo zannuwan majinyata su wanke a kan kwabo ɗaya a mako, a lokacin da kowa ke gudun kowa. Shekara 10 bayan haka hukumar garin ta buɗe gidan wanka da wanki na jama'a. Mutane sun biya kuɗi don a tsorata su, amma a gaban kabarin matar nan na fi ganin ana share ido.

Sana'ar tana da ƙananan dabaru da ba a koya sai a titi. Iskar kogin Mersey tana ɗauke murya, don haka bango za ka sa a bayan baƙi, kai ka fuskance su. Titin Rodney akwai masu zama a ciki, ba a yi musu ihu a ƙofar gida. In akwai yaro a ayari, ka duba fuskarsa kafin ka shiga zancen ganguna. In mashayi ya biyo ku yana tsoma baki, kada ka tanka, ka ƙara sauri zuwa zango na gaba, zai gaji. Ƙarshen Oktoba kasuwa kan cika maƙil, sannan sanyi ya kore ta.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani gida da muke wucewa kullum ba ma tsayawa, lamba 62 a titin Rodney. A nan aka haifi William Gladstone a 1809, wanda ya yi firaministan Birtaniya sau huɗu. Mahaifinsa John Gladstone, da aka soke bauta a 1833, diyya aka biya shi kan mutum fiye da 2,500 da yake riƙe da su a gonakin Demerara, cikin ƙasar Guyana ta yanzu, da Jamaika. Su bayin ba a ba su ko sisi ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Jiragen Liverpool sun yi sawu wajen 5,000 zuwa gaɓar Afirka, suka kwashi mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, da yawansu daga Bonny da Kalaba. Muna yawo cikin gidajen da wannan dukiya ta taimaka wajen ginawa, muna neman fatalwar ɗan caca.

Na fahimci dalilin shirun, kuma ba mugunta ba ce kawai. Irin wannan zagaye yana bukatar wurin tsayawa, kabari ko taga ko ƙofa da za a nuna da yatsa. Akasarin mutanen da aka kwasa ba Liverpool aka kawo su ba, Amurka da tsibiran Karebiyan aka wuce da su, wasu kuma teku ta cinye. Ba su bar dutsen da za a haska da fitila ba. Na roƙi uwar ɗakina ta ba ni minti biyar a ƙofar gidan. Ta ce, "Mutane sun fito shaƙatawa ne, anya ba za su ga kamar wa'azi kake musu ba?" Na ce, "Ranki ya daɗe, sunan abin tarihi mai duhu. Wane duhu ne garin nan ke da shi da ya kai wannan?"

Labarin jirgin Zong nake bayarwa a wurin. Na wasu fataken Liverpool ne ƙarƙashin William Gregson, wanda ya taɓa yin magajin garin. A ƙarshen Nuwamban 1781, jirgin ya yi kuskuren hanya kusa da Jamaika, ma'aikatansa suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu. Masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su asarar kaya. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, shari'ar kuɗi aka yi, ba ta jini ba. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya ɗanɗani bauta, shi ya kai labarin ga wani Bature mai yaƙi da bauta, Granville Sharp, wanda ya yi ta ƙoƙarin a tuhumi ma'aikatan da kisa. Ba a hukunta kowa ba.

Wani baƙo ya taɓa ba mu shawara mu sa ɗan wasa da sarƙa a ƙafa ya fito daga lungu a daidai nan. Na ƙi, kuma har gobe zan ƙi. An sayar da mutanen nan sau ɗaya suna raye, ba zan sa hannu a sake sayar da su a matsayin abin razana ba. A wannan zango uwar ɗakina ma takan koma gefe da hodarta, ni in yi magana da muryata ta kullum. Akwai masu sunkuyar da kai, akwai masu duba waya, akwai kuma 'yan garin da ke zuwa bayan an tashi su ce a makaranta ba a taɓa gaya musu ba. Hukumar birnin ta nemi gafara a hukumance a 1999, an kuma buɗe gidan tarihin bauta a Albert Dock a 2007, amma mutum na iya tsufa a garin bai taka can ba.

Ba na faɗar wannan da ɗaga kai, domin mu ma muna da namu. Kasuwar Kurmi an sayar da mutane a cikinta, kuma na sha ratsa ta tun ina yaro ba wanda ya taɓa nuna mini wurin.

Daga baya mun ƙara wata hanya ta bakin ruwa, da rana, ba hoda ba baƙar riga. Tana farawa daga cocin St Nicholas, inda rajista ta nuna an binne wani baƙar fata mai suna Abell a 1717, ta bi ta inda tsohuwar tashar jiragen ruwa ta 1715 take, ta ƙare a Queen's Dock. A can ne ranar 5 ga Yuni 1919 gungun mutane suka koro Charles Wotten, baƙar fata ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Bermuda mai shekara 24 wanda ya yi wa Birtaniya aiki a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun daga masaukinsa a titin Upper Pitt har ya faɗa ruwa, suna jifansa har ya nutse. Binciken hukuma ya rubuta cewa an tsince shi a nutse, ba a kama kowa da laifin ba. Masu sayen tikitin wannan hanya ba su kai na dare yawa ba, kuma akasarinsu waɗanda suka fara bin mu ne wurin dalar Mackenzie, suka ji minti biyar ɗin ƙofar Gladstone, suka dawo neman sauran.