Talata: Lissafin da aka yi da bokiti

Da safiyar yau na sake tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin tsohuwar hitarmu mai tanki, karo na uku ke nan cikin mako guda, don haka na tabbata kwanakinta sun ƙare. Tun makon jiya ni da uwargida muka daddale a kan hita marar tanki, wato wadda ba ta tara ruwa, sai dai ta ɗumama shi a daidai lokacin da yake ratsawa ta cikinta. Abin da ya rage mana shi ne zaɓi tsakanin mai aiki da lantarki da mai aiki da gas. Ita ta fi son ta lantarki, kuma hujjarta mai ƙarfi ce: babu harshen wuta, babu hayaƙi, ba ta cin wuri, sannan kusan duk wutar da ta ja tana komawa zafi a cikin ruwa. Ni ma zuciyata can ta karkata.

Da hantsi mai gyaran wuta ya iso, kuma bai ko kalli takardun tallar da na tara ba. Cewa ya yi, "Maigida, a ba ni bokiti da agogo tukuna." Muka tara bokiti mai cin lita 10 a ƙarƙashin shawa, ya cika cikin daƙiƙa 75, wato lita 8 a minti ɗaya. Ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan famfo, ya nuna digiri 15, alhali ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 40. Daga nan ya juya bayan wani kwali ya shiga lissafi da fensir. Kowace litar ruwa tana bukatar kimanin kilojul 4.2 (ma'aunin makamashi) kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka ɗaga zafin lita 8 da digiri 25 a kowane minti na nufin shawa ɗaya tana neman kusan kilowat 14, idan kuma aka buɗe biyu a tare, kamar yadda ake yi a gidan nan kowace safiya lokacin da yara ke shirin makaranta, abin ya kai kilowat 28.

Na daɗe ina kallon wannan adadi. A wuta mai ƙarfin bolt 230, kilowat 28 yana jan sama da amfiya 120 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), babban fis ɗin gidanmu kuwa 60 ne kawai. Ko ƙaramar hita mai kilowat 9 tana jan amfiya 39, tana bukatar wayarta mai kauri da birekarta ita kaɗai, kuma abin da za ta bayar a irin wannan sanyi kusan lita 5 ne kawai a minti. Idan na nace a kan lantarki ga dukkan gidan, sai an sake layin da ke shigowa da allon rarraba wuta baki ɗaya. Tsohuwar hitar ba ta taɓa jawo wannan matsala ba saboda tana ɗumama ruwa a hankali cikin sa'o'i. Marar tanki kuwa dole ta yi aikin nan take.

Hitar gas mai bayar da lita 16 a minti za ta ɗauki shawa biyu ba tare da an taɓa wayar gida ba. Sai dai ba na ɗaukar lamarin gas da wasa. Idan bai samu isasshiyar iska ya ƙone sosai ba, yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksayid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kisa a rufaffen banɗaki. Wannan ne ainihin tsoron uwargida, kuma tana da gaskiya. Akwai kuma asarar wani ɓangare na zafi ta bututun hayaƙi, da cewa masu fanka a ciki su ma ba sa tashi idan babu lantarki, abin da da farko ban sani ba. Wanke ma'adinan da ke daskarewa a cikin bututu kuwa, musamman inda ruwa ke da zartsi, yana kan kowace irin hita.

Bayan magariba na ajiye kwalin a gabanta, muka bi lissafin layi-layi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baban yara, na yarda da gas, amma kada a shigar mini da ita banɗaki." A kan haka muka tsaya: za a sayi irin wadda ɗakin ƙonewarta yake a rufe, mai jawo iska daga waje ta kuma mayar da hayaƙinta waje, ƙwararre mai lasisi ne zai haɗa ta, kuma za a kafa na'urar gargaɗin kabon monoksayid kusa da ɗakunan barci. Gobe mai aikin gas zai zo ya duba ko kaurin bututunmu zai wadatar da ita, ya kuma auna tazarar da ke tsakanin bakin bututun hayaƙi da tagar ɗakin yara, domin idan ta yi kusa, sai an nemi wani bangon.