Yadda muka gwada karatun yara da ƙagaggun kalmomi a Gombe

Yaro ɗan aji biyu yana iya rera maka shafi guda na littafin Hausa ba tare da ya kalli ko baƙi ɗaya ba. Ya ji malami ya faɗa, aji ya amsa, har abin ya zauna masa a ka. Saboda haka da muka tashi gwada karatun yara a wasu makarantun firamare na Gombe da Akko, ba mu dogara da sanannun kalmomi kaɗai ba. Mun haɗa musu da ƙagaggu, wato kalmomin da suka bi tsarin Hausa amma babu su a harshen, irin su "nifo" da "lomu". Wadda yaro bai taɓa ji ba, ba shi da hanyar faɗarta sai ya haɗa baƙi da wasali da kansa.

Tsarin da muka bi na EGRA ne, wato gwajin karatun yara 'yan azuzuwan farko, wanda cibiyar RTI ta Amurka ta fito da shi a 2006, kuma an yi amfani da na Hausarsa a Bauchi da Sakkwato. Takarda ɗaya ce mai kalmomi 50, layi 10, kowane layi 5. Ana zama da yaro shi kaɗai, a yi misali uku tare da shi, sannan a danna agogo na daƙiƙa 60. In ya yi shiru daƙiƙa 3, a nuna masa ta gaba a ce "ci gaba", a soke wadda ya bari. In bai samu ko ɗaya a layin farko ba, a tsaya, a yi masa godiya. Wanda ya gama kafin lokaci kuwa lissafi ake yi: ya samu 40 cikin daƙiƙa 48, makinsa 50 ke nan a minti.

Gudanar da gwajin ba shi ne wahala ba. Ƙago kalmomin ne ya ci mana lokaci.

Mun fara da hanyar da ta fi sauƙi, a ɗauki kalma a canza wasalin ƙarshe. A Hausa wannan tarko ne, domin wasalin ƙarshe shi ke juya aikatau: dafa, dafe, dafo, dafu, duk kalmomi ne. Mun mai da "tulu" ta zama "tulo", sai wata malama ta ce ai ana tulo ƙasa. Mun mai da "zomo" ta zama "zomu", ga shi kuwa kowa na cewa zo mu tafi. Daga nan muka koma haɗa gaɓoɓi daga tushe: mafi yawa gaɓa biyu masu baƙi da wasali, 'yan kaɗan masu rufaffiyar gaɓa, kuma kowace ta ƙare da wasali kamar yadda akasarin kalmomin Hausa suke. Muka tabbatar da ɓ, ɗ, ƙ, sh da ts sun shiga, amma ba a layin farko ba. In ka cika layin farko da masu wuya, dokar tsayawa za ta fitar da yaron da zai iya karanta na gaba.

Kowace kalma mun duba ta a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma ƙamus bai isa a Gombe ba. "Wuro" da "gite" sun tsallake duka biyun a idonmu, alhali a Fulatanci gari ne da idanu, kuma yaron da aka haifa a gidan Fulani zai gane su nan take ya samu fifiko a kan ɗan uwansa. Sai da muka ba masu jin Fulatanci da Tangale da Tera da Bolanci jerin suka tace. Su ne ma suka cire mana guda biyu da suka yi kusa da batsa, waɗanda za su sa yarinya ta sunkuyar da kai a ɗauka ta kasa.

Sai batun abin da za a karɓa a matsayin daidai. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mahallin jumla ne ke gaya wa mai karatu. Ƙagaggiyar kalma ba ta da mahalli, don haka ko yaro ya ja wasalin "nifo" ko bai ja ba, daidai ne. Haka furucin f, wanda ya bambanta daga gari zuwa gari. Wanda ba mu yafe ba shi ne a karanta ɗ a matsayin d, ko ƙ a matsayin k. Kafin mu shiga aji, masu gwajin sun saurari muryar yaro ɗaya da aka naɗa, kowa ya ba da maki, muka yi ta gardama har hannunmu ya zo ɗaya.

Bugun farko a wani shagon kwamfuta ya fito da akwatuna a gurbin baƙaƙe masu ƙugiya. Muka sake bugawa da salon rubutun Andika, wanda ke da su duka, kuma "a" ɗinsa irin wadda malami ke rubutawa ce a allo.

A ganina, kurakuran sun fi makin amfani, shi ya sa muka riƙa rubuta ainihin abin da yaro ya faɗa. Wani zai ga "kazu" ya ce "kaza": ya kama farkon, ya cike sauran da kalmar da ya sani, kuma sau da yawa shi ne wanda malami ke yabo. Wani zai kira baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Turanci, ya kasa haɗa su. Wani kuma zai ce "ka", ya numfasa, ya ce "zu", daidai amma a hankali. Na farko aikin duba kalma har ƙarshenta muka ba malaminsa, na biyu komawa sautukan Hausa da haɗa gaɓa, na uku kuwa littattafai kawai yake buƙata da wanda zai zauna ya saurare shi minti goma kullum.