Abin da iyakar Kamba ta koya mini

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Kamba, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar, kuma duk lokacin da na zo kan yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1890, wadda ta shata layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, layin da ya zama mafarin wannan iyaka, nakan karantar da ita kamar zancen da ya wuce aka binne. Sai a damunar 2023 na gane ashe layin nan yana da rai.

Da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Da idona na ga manyan motoci sun yi jerin gwano a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, albasar da suka ɗauko tana ruɓewa har wari ya hana mutane tsayawa. Wata ɗaliba da gwaggonta ke aure a Gaya, a ƙetaren iyaka, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in Faransa da Rasha ke jayayya, mu me muka yi aka hana mu zuwa suna?" Amsar da na ba ta ba ta gamsar da ni kaina ba.

A majalisunmu an yi murna sosai da ficewar sojojin Faransa a Disamba 2023, kuma ban ga laifin masu murnar ba, domin tun farkon shekarun 1970 ake haƙar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukan ƙasar suna kwana cikin duhu. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a Afrilu 2024, Amurka kuma ta bar sansaninta na Agadas a wannan shekarar. Amma abin da na lura da shi shi ne, wanda ya fi matsa wa talakan Nijar lamba ba baƙon nesa ba ne, toshewar hanya ce. Ƙasar ba ta da teku, kafin juyin mulkin 2023 kayanta daga tashar Kwatano ta Benin suke hawowa ta gadar Malanville da Gaya, kuma bututun mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem, a gaɓar Benin yake ƙarewa. Gwamnati tana iya sallamar jakada cikin kwana biyu, amma ba ta iya ɗauke ƙasarta daga kusa da maƙwabcinta. Mu ma da muka rufe ƙofa mun ji a jikinmu, don kasuwar dabbobinmu ta yi sanyi har aka buɗe iyakar a Maris 2024.

Wannan ya sauya yadda nake karantar da tarihin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi. Da can jarumtarsa ta bijire wa Askiya na Songhai kawai nake yabawa. Yanzu nakan tsaya da ɗalibai mu duba yadda Kabi ta zauna tsakanin Songhai da Barno, da dalilin da ya sa aka kashe ƙarfi wajen gina ganuwar Surame, babban birninta. Darasin 1890 kuwa, kafin in taɓa allo nakan ce kowa ya ambaci ɗan'uwansa da ke ƙetaren iyaka, kuma da wuya a sami wanda ya yi shiru.