Daga Waikiki zuwa Waimea, Ina Neman Malamin Jita

Taron da ya kai ni Honolulu, babban birnin Hawai, na kwana uku ne, amma na ƙara kwana takwas daga aljihuna, kuma ba wankan teku ya tsayar da ni ba. Tun daga Kalifoniya inda nake karatu na saɓo wata tsohuwar jita da na saya a gwanjo, da niyyar in sami wanda zai koya mini kiɗan da mutanen Hawai ke kira ki ho'alu. A harshensu sunan na nufin sassauta maɗauri. Ana ɗan kwance wasu tsirkiyoyin ne, yadda ko ba ka danna komai ba, kana shafa su sautin zai fito a daidaite. Babban yatsa na riƙe da amon ƙasa, sauran yatsun na rera waƙar a sama. Ranar da na fara jin sa, da an ce in rantse, cewa zan yi mutum biyu ne ke kaɗawa.

Shekara guda na yi ina bin YouTube. Na haddace inda ake dannawa tsaf, amma abin da ke fita daga hannuna kamar miyar da aka zuba wa kayan haɗi duka aka manta gishiri.

A Waikiki, unguwar 'yan yawon buɗe ido ta bakin teku a Honolulu, na fara, kuma nan na yi asarar kuɗina na farko. Ko ina ka juya ana tallan koyar da ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ta samo asali daga kayan kiɗan da 'yan Fotugal suka zo da su a 1879. A wani shago wani saurayi ya ce ai shi ma yana koyar da ki ho'alu. Na biya kuɗin awa ɗaya. Ya miƙo mini takardu masu layuka da lambobi, irin waɗanda nake da su jibge a ɗaki, ya koma kan wayarsa. Har muka rabu bai ce in kaɗa ya ji ba. Ban yi masa magana ba, laifina ne da na je neman garaya a shagon 'yan yawon buɗe ido.

Ranar Juma'a na je masallacin da ke unguwar Manoa. Bayan an idar, hira ta haɗa ni da wani bawan Allah da ya daɗe a tsibirin, matarsa 'yar asalin ƙasar ce. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, ya ce wannan kiɗan ba a shago yake ba, a bayan gida yake. Washegari ya ɗauke ni zuwa Waimanalo, garin da Gabby Pahinui ya zauna, mutumin da faifansa na 1946 ke cikin na farko da suka fitar da wannan kiɗa daga tsakar gida zuwa kunnen duniya. A garejin wani gida muka tarar da mutane kusan goma sha biyar a kan kujerun roba, kowa da abin kaɗawarsa. Kanikapila suke kiran irin wannan zama. Ba mai gabatarwa, ba mai tafi sosai, wani ya ɗauko waƙa sauran su bi.

Ban buɗe jakar jitata ba, kunya ta hana ni. Wata dattijuwa ta lura na kauce wa tiren naman alade, ba ta tambaye ni dalili ba, sai ta kawo mini kifi da poi. Na ɗanɗana na ji wani abu da na sani. Ashe gwaza ce aka dafa aka kirɓa har ta yi laushi kamar kunu mai kauri. A can duk dattijo kawu ne, duk dattijuwa gwaggo, don haka na ce, "Gwaggo, a garinmu ma muna cin wannan, dafaffiya 'yan mata ke tallanta a tire." Daga nan hira ta ɓarke. Kafin mu tashi ta rubuta mini kwatance a bayan wata takarda. Kwatancen gidan ɗan'uwanta ne, tsohon makiyayi a Waimea, can Babban Tsibiri, wato mafi girma a tsibiran Hawai. "Ba ya son ɗaukar waya," in ji ta. "Ka je kawai, ka ce ni na turo ka."

Daga Honolulu zuwa Hilo, birnin da ke Babban Tsibirin, bai kai awa ɗaya a jirgi ba. Ruwa na tarar, ruwa kuma na bari. Na yi hayar mota na bi titin gaɓar Hamakua, tsofaffin gonakin rake a hagu da dama duk an daina noman rake a cikinsu, na tsaya a Honoka'a na sayi malasada, wani soyayyen fanke mai sukari, don kada in shiga gidan mutane hannu rabbana. Daga nan hanya ta fara hawa. Waimea sanyi ne da hazo da shanu a kan koren tudu, dutsen Mauna Kea na leƙowa in gajimare ya ja baya. Ban taɓa zaton zan nemi rigar sanyi a Hawai ba.

Kawu na zaune a baranda. Ya karanta takardar, ya karɓi fanken, ya ce, "Yaro, kaɗa in ji." Ban yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu. "Wa ya biyo ka? Ina za ka da sauri haka?"

Ya karɓi jitar ya sake saita ta da kunne: tsirkiya ta shida, ta biyar da ta ɗaya duk ya sauke su, ta koma D, G, D, G, B, D, a haruffan da ake kiran sautuka da su. Wannan saitin na san shi, shi ne mafi yaɗuwa, kuma sunansa fadamar gwaza. Abin da ban sani ba shi ne yinin ranar gaba ɗaya babban yatsa kaɗai zan motsa. Tsirkiya ta biyar, ta huɗu, ta shida, ta huɗu, ba tsayawa. Da na saci hanya na sa manuniya sai ya taɓa gwiwata da sandarsa. Shi kuwa yana ta ba ni labari yatsansa bai ɓata ko sau ɗaya ba: yadda Kyaftin Vancouver, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya kawo wa Sarki Kamehameha na Ɗaya shanu a 1793, sarki ya hana yanka su, suka yaɗu har suka zama annoba, sai Kamehameha na Uku ya sa aka ɗauko makiyayan dawaki daga yankin Meziko wajen 1832 su koya wa mutane kamu. Su ne suka zo da jita. Da suka koma suka bar wasu, 'yan ƙasa suka saita su yadda ya dace da muryoyinsu. Har yau paniolo ake ce wa makiyayi a nan, daga kalmar da ke nufin Basifaniye.

A rana ta biyu na cika shi da tambaya. Ya bar ni na gama, sannan ya faɗi wata karin maganarsu ya fassara mini: ido ya kalla, kunne ya saurara, baki ya yi shiru, hannu ya yi aiki. Haka kawunsa ya koya masa. A da, in ji shi, saiti sirrin gida ne, wani in ya gama kiɗa sai ya kwance tsirkiyoyin kada baƙo ya ɗauka ya gane. Rowar ta kusa kashe abin, sai da makaɗa irin su Keola Beamer, wanda ya fitar da littafin koyo a 1973, da Raymond Kane suka buɗe ƙofa ga kowa. Na tuna yaran makaɗan gurmi a gida, da kan shekara suna ɗaukar wa uba kaya kafin a bar su su taɓa tsirkiya.

Wani abu da ya kwanta mini game da shi: ba ya nuna salo sai ya faɗi wurin wanda ya ɗauko shi. Wannan na kawuna ne, wannan na ji shi ne wurin mutanen Kalapana, garin su makaɗi Ledward Kaapana, garin da aman dutse ya binne a 1990. Kamar malamin zaure mai kawo silsilarsa. Kuma yana iya kaɗa abu a hankali ƙwarai ba tare da ya mutu a hannunsa ba, wanda a ganina ya fi gudu wuya. Nahenahe, kalmar da ya fi maimaitawa ke nan, wato taushi mai daɗi.

Maganar kuɗi ta ba ni wahala. Sau biyu na tayar da ita yana kawar da kai, ƙarshe matarsa na ba a ambulan, na kuma taya shi gyara shingen waya da safe.

Ranar ƙarshe ya juya mini baya da gangan, ya murɗa wani abu, ya juyo ya shafa tsirkiyoyin. Sautin ya canza, ya yi wani irin zaƙi mai ratayewa. "Nemo shi," ya ce. Na fi rabin awa ina lalube kafin in gano tsirkiya ta uku ce ya sauke rabin mataki, daga G zuwa F#, ɗaya daga cikin saitin da suke kira wahine. Bai ce na yi daidai ba. Ya ɗauki tasa jitar kawai ya shiga waƙa, ya bar mini ƙasan in riƙe.

Daren nan a Hilo na kwana, jirgina na asuba ne. Wasu 'yan kwaɗi masu ƙara sun cika unguwar da kuka, ruwa na dukan kwano. Na zauna a bakin gado na rufe tsirkiyoyin sama da tafin hannu kada in tashi maƙwabta: ta biyar, ta huɗu, ta shida, ta huɗu.