Godiya bayan Fijon Baba ta sake gudu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun je gasar tuƙin mota lafiya mun dawo lafiya, ni da motar. Tun daren Asabar wayata ba ta huta ba, wasu na tambayar na nawa na zo, wasu na tambayar ko da gaske ne tsohuwar ta yi aman ruwa a tsakiyar fili. Da gaske ne. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, in gode wa waɗanda suka tsaya mini, don yaba kyauta tukuici. Ba zan kama suna ba. Mutumin da ya fi kowa cancanta ya ce ranar da ya ji sunansa a Facebook, kada in ƙara taka ƙofar garejinsa. Tunda an hana ni kiran na babba, ba zan kira na sauran ba, kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san zancen ba, motar Fijo 504 ce ta marigayi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, ya saye ta da bashin mota na ma'aikata a farkon shekarun 1980. Da ita ya yi zirga-zirgar aiki tsakanin Bauchi da Azare da Gombe, lokacin duk jiha ɗaya ce, kafin a yanke Gombe a 1996. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, akwatina na ƙarfe a but. Bayan rasuwarsa ta zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida shekara da shekaru, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta masauki. 'Yan gwangwan sun zo taya ta ya fi a ƙirga, Hajiya tana korarsu.

Saboda haka godiya ta farko, bayan ta Allah, ta Hajiya ce. Ranar da na ce mata zan tayar da motar in shiga gasa da ita, shiru ta yi har na fara nadamar buɗe baki. Ban ga laifinta ba. A wurinmu in an ce wasan mota, abin da ke zuwa zuciya shi ne na ranar ɗaurin aure, samari na juya mota a tsakiyar titi, wasu sun leƙo ta taga har ƙugu, jama'a sun kewaye su babu tazara. Da wuya ka samu wanda bai taɓa zuwa ta'aziyya ko dubiya ba sanadin wannan. Na ce mata, Hajiya, wannan ba shi ba ne. Fili ne a killace, ba titi ba. Ana jera robobi masu tsini irin na masu aikin hanya, a fitar da hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da su. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, kuma da agogo kake takara, ba da wani a gefenka ba. Zagaye ɗaya bai wuce minti guda ba, kusan duka a giya ta biyu. Ka ture roba a ƙara maka sakan 2, ka ɓace hanya a soke zagayen gaba ɗaya. Dokokin daga irin wanda ake yi a Amurka aka ɗauko su, can suna kiransa otokuros. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kafa sharaɗi: hular kwano a kaina, kada in ɗauki yaro ko ɗaya, kuma in dawo mata da motar da ƙafafunta, ba a bayan wata motar ba. Hajiya, na cika biyu cif. Na ukun da kyar na cika shi, amma na cika. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Sai Baba mai gareji. A nan zan daɗe.

Wannan dattijo ya fara riƙe sifana tun lokacin da tashoshin mota ke cike da Fijo wagon, ta Jos, ta Kano, ta Maiduguri. Na je masa da doguwar takarda na abubuwan da na gani a YouTube: a sa babban kafireto, a yanke salansa, in ma ta kama a cire injin a dasa na Toyota. Ya bar ni na karanta har ƙarshe. Ya ce, “Ka gama?” Na ce na gama, Baba. Ya shiga motar ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya fito ya ce, “Motar da ba ta tsayawa, gudun me za ta yi?” Daga nan ya tsara mini aikin yadda ya ga dama: birki tukuna, sai robobin ƙafa da shokoba, sai taya, inji a ƙarshe. Raina bai so ba, don ni ƙara nake son ji. Wata uku muka yi ba a ko tayar da ita ba. Aka sauya bututan birki na roba da suka tsattsage, aka wanke tsohon man da ya koma kamar kunun kanwa, aka fitar da iska ƙafa bayan ƙafa, ni ina taka feda yana kwance a ƙasa yana cewa riƙe, saki, riƙe, saki.

Abin da ban fahimta ba sai daga baya shi ne, abin da ya sa 504 ta zama sarauniyar hanyoyinmu shi ne rauninta a wannan wasa. Faransawa sun fito da ita a 1968 da ƙafafu masu laushi da doguwar tafiya, ta haɗiye rami da gargada ba ka ji a ƙugunka. Da wannan halin ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin. To amma ka kawo wannan laushin tsakanin robobi, inda za ka karya hagu ka karya dama cikin ƙiftawar ido, sai ta riƙa kwanciya kamar kwalekwale, nauyin ya tafi gefe ɗaya kafin ya dawo ka riga ka ture roba. Na ce a yanke sufirin ta sauko ƙasa, kamar yadda samari ke yi. Baba ya ƙi. Ya ce yankakken sufirin in ya tashi zamewa ba ya sallama. Shokoba masu tauri ya nemo, ya sauya duk robobin da suka mutu, muka cire kujerar baya da safayar da ke rataye a ƙarƙashin but don rage nauyi. Ta daina kwanciya? Ba ta daina ba, waɗanda suka ɗauki hoto shaida ne. Amma yanzu in ta kwanta ka san inda za ta tsaya.

Injin kuwa nata na asali aka bari, mai silinda huɗu, cc 1971, wanda ke zaune a kishingiɗe in ka buɗe bonet. An sa sabon ring, an gyara zaman bawul, sabon kwantak da fulogi, aka wanke kafireto. Ban manta ranar da ƙaramin yaron garejin ya jera wayoyin fulogi motar ta riƙa harbi kamar bindigar tauri ba. Ashe ya fara ƙirga silinda daga gaba, wajen fanka, alhali Fijo daga baya take ƙirga ta ɗaya, wajen giya. Baba bai daka masa tsawa ba, sai ya sa shi ya sake da hannunsa har sau uku. Yaro, na gode maka kai da 'yan'uwanka, kun sha baƙin mai saboda ni. Baba, ban san da bakin da zan gode muku ba. Kuɗin da kuka karɓa bai kai rabin wahalar ba, ni na sani, ku ma kun sani. Allah Ya saka da alheri, Ya albarkaci zuri'a.

Kayan gyara sun ba mu wuya. Motar da a da kowane shago ke da kayanta, yau sai an yi cigiya. Ɗan kawuna da ke jan mota zuwa Kano da Kaduna shi ya zama ɗan aike, ya shiga Ƙofar Ruwa ya shiga Panteka da tsohon ƙarfe a leda yana gwadawa. Yaya, na gode, kuma har yanzu ina sane da kuɗin man da ka ƙi karɓa. Mai facin bakin layinmu shi ya haɗa mini tayoyi huɗu iri ɗaya masu inci 14, ya kuma zo filin da famfonsa ba a gayyace shi ba.

Ranar Asabar tun da sanyin safiya muka isa filin, wani shimfiɗaɗɗen wurin ajiye manyan motoci a bayan gari. Kafin a tayar da mota ko ɗaya sai da aka duba kowacce: batir a ɗaure, babu yoyon mai, bel na aiki, babu komai a sake a ciki. Ni sai da aka fitar da carbi da gorar ruwa daga tawa. Sannan muka taka hanyar da ƙafa sau biyu. Da ƙafa abin kamar wasa. Da na zauna a bayan sitiyari aka ɗaga hannu, sai robobin nan suka zame mini kamar an watsa gero, ban san ta inda na bi ba, aka soke zagayen farko. Malamin da ke riƙe da agogo ya ja ni gefe ya ce matsalata ina kallon robar da ke gaban hancin mota, alhali wadda ya kamata in kalla ita ce ta biyu ko ta uku a gaba. Ya ce in gama taka birki kafin in karya sitiyari, kada in haɗa su. Malam, wannan maganar ta fi mini duk bidiyon da na kalla.

A zagaye na biyu na bi hanya daidai, amma a doguwar kwanar ƙarshe injin ya riƙa tari yana neman mutuwa. Baba daga inda yake tsaye ya gane. Fetur ɗin da ke cikin ɗan kwanon kafireto ne ke tafiya gefe ɗaya in mota ta daɗe a kwance, inji ya rasa abin sha. Ya buɗe a nan cikin rana ya ɗan ɗaga fulot, abin da ke ƙayyade yawan fetur a kwanon. Mai faci kuma ya shafa alli a gefen tayoyin gaba, bayan zagaye muka ga allin ya goge har ƙasa da inda ya kamata, alamar taya na naɗewa a kwana. Ya ƙara musu iska.

Na uku shi ne na aman ruwan. Ina tsakiyar jerin robobin da ake saƙa tsakaninsu sai tururi ya turnuƙe gilashi. Tiyon ƙasa na lagireto ne ya fashe. A nan dole in faɗi gaskiya: Baba ya ce a sauya shi tun watanni, ni na matsa shi da hannu na ce ai da sauransa, don in rage kashe kuɗi. Bai ce mini komai ba a filin. Kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kashe inji nan take, masu tsaron robobi suka turo ni waje, aka tsayar da wasa har aka share ruwan, don jiƙaƙƙen fili haɗari ne ga na baya.

Ina tsaye ina tunanin yadda zan shiga gida da mota a ɗaure da igiya, sai ga wani bawan Allah da ya zo daga Gombe da tasa 504. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar, kuma a lokacin ni da shi ne ke kusa da juna a lissafi. Ya buɗe but ɗinsa ya ɗauko sabon tiyo a leda ya miƙo mini. Na ce nawa? Ya ce in bari sai na zo Gombe. Muka jira inji ya huce, don Baba ya hana kowa taɓa murfin lagireto da zafinsa, aka ɗaura, aka cika ruwa, na samu shiga zagayen ƙarshe. Shi ne mafi kyau da na yi, ban taɓa roba ko ɗaya ba, kuma abin mamaki shi ne wanda na ji kamar ban yi gudu ba. Na zo na biyar. Mai tiyon ya zo na huɗu, da tazarar da ba ta kai sakan ɗaya ba, don haka alherinsa bai ci shi ba. Ɗan'uwa, na gode, kuma zan zo Gomben. Wanda ya ci gaba ɗaya wani matashi ne da tsohuwar Golf, ƙarama mara nauyi, hannunsa kuma a natse. Ya cancanta.

Ina gode wa mai filin da ya ba mu aro bai karɓi ko sisi ba, da samarin da suka wuni a rana suna tayar da robobin da muka ture, da ma'aikaciyar jinyar da ta zo da akwatinta ta koma ba ta buɗe shi ba. Masu tsaron ƙofa ma sun yi ƙoƙari. Wasu sun zo da niyyar juya mota su tayar da ƙura, aka ce musu ko su sa hular kwano su bi layi ko su tsaya kallo a bayan igiya. Biyu sun yi fushi sun tafi, ɗaya ya tsaya, har ya karɓi lambar malamin agogo.

Uwargida, kin ga kuɗin cefane na raguwa kin yi haƙuri, kin wanke kayan da ya kamata a jefar, kuma masar da kika aiko ta ƙare kafin azahar. Na gode. Maƙwabta, ku yafe mini ƙarar da kuka sha bayan isha'i a makon ƙarshe.

Motar tana gida, ta shigo da ƙafafunta kafin magariba, Hajiya ta fito ta zagaya ta sau ɗaya tana duba ko an ƙwarzane ta. Baba ya ce in kawo ta ranar Litinin a duba gasket saboda zafin da ta ɗauka, kuma wannan karon duk tiyon da ke jikinta za a sauya, ban da ta cewa. Sannan akwai sifana mai lamba 13 da filas ɗin shayi shuɗi da na tsinta a but ɗina, ba nawa ba ne. Mai su ya yi mini magana.